Gashin Mutane Ba Shara Ba Ne

Zuwa ga Babban Jami'i mai kula da cibiyoyin koyar da mata sana'a, Sakkwato.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ina yi maka barka da aiki, da kuma barka da shigowar kaka.

Sunana Rakiya. Ni ce malamar ajin kitso da gyaran gashi a cibiyar mata da ke Tambuwal. Shekara tara ke nan ina koyarwa, tun ana kiran ƙasar nan Jihar Arewa maso Yamma, tun ajin namu yana rumfar zana. Kafin nan na daɗe ina kitso a cikin gidan mijina, sana'ar da na gada daga gwaggona. Ban da kitson kansa, ni ke koyar da darasin riƙon shago, wato yadda mace za ta buɗe wurin kitso ta tafiyar da shi har ya riƙe ta.

Sau biyu na rubuto maka a rufe ta hannun shugabar cibiyarmu, ko tari ban ji an yi ba. Shi ya sa na fito fili, don ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Maganar kuwa ita ce: an kayar da ɗalibaina bakwai a jarrabawar riƙon shago, an hana su takardar shaida, a kan laifi guda ɗaya, wai sun miƙa wa matan da suka yi wa kitso gashinsu maimakon su share shi su zuba a kwandon shara. A cikinsu akwai Hajo, mutuniyar Jabo, wadda aiki ke jiranta a Kebbe, kuma zai kuɓuce mata idan takardar nan ba ta fito kafin Babbar Sallah ba. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba, amma zan jero maganar daki-daki yadda ta faru.

Na farko, littafin da kuka aiko mana.

Shekara uku da suka wuce, da kuɗin mai suka fara zubowa, babbar mota ta sauke mana akwatuna huɗu. A ciki akwai injinan busar da gashi, irin masu kwalkwali da ake kifa wa mace a ka, da madubai, da bokitai masu murfi, da littafin koyarwa da aka rubuto daga Ikko. Injinan suna nan cikin ledarsu har gobe, domin cibiyarmu ba ta da lantarki, sai dai ɓeraye sun samu ɗaki. Wannan ban yi ƙorafi a kansa ba. Littafin ma akwai alheri a cikinsa: wanke mataji tsakanin kai da kai, faɗin kuɗin kitso kafin a fara, raba kuɗin sana'a da na cefane. Duk na karɓa na koyar, na kuma gode.

Amma a babin tsabtar wurin aiki akwai layi guda da ya ce a share duk gashin da ya zuba a tara shi a bokiti mai murfi, a zubar idan an tashi aiki. Wanda ya rubuta layin nan ban ce mugu ba ne, na dai ce bai taɓa zama a tabarmar makitsiya a ƙasar nan ba. A nan, idan an tsefe wa mace kai an taje, gashin da ya biyo mataji nata ne. Makitsiya takan tattara shi, ta murza shi ya dunƙule, ta sa mata a tafin hannu tana gani. Ita kuma ta tafi da abinta, ta binne ko ta cusa a inda ta sani. Haka gwaggona ta yi, haka uwarta ta yi, haka ake yi daga Tambuwal har Kebbe da duk ƙauyukan da ke tsakani.

Na biyu, abin da layin nan ya riga ya jawo, kuma da hannuna a ciki.

Shekarar da littafin ya zo, na bi shi sau da ƙafa. Na san abin da na sani, amma na ji tsoron a ce malamar Tambuwal baƙauya ce, ba ta fahimci zamani ba. Na koyar da bokiti mai murfi kamar yadda aka rubuta. A cikin 'yan ajin shekarar akwai Luba, 'yar Kebbe. Ranka ya daɗe, tunda nake koyarwa ban ga hannu irin na Luba ba. Idan ta ja tsaga, sai ka rantse da zare aka auna. Ta ci jarrabawa da lambar yabo, ofishinka ya ba ta takarda da bokiti kyauta, ta koma gida ta buɗe wurin kitso a ɗakin da ke kusa da zauren mijinta.

Wata biyu na farko mata har daga Fakku suke zuwa mata. Sai wata daga cikinsu ta haihu, gashinta ya shiga zuba, abin da kowace uwa ta san yakan faru bayan haihuwa. Surukarta ta tambaye ta ina gashin tsifarta na kwanakin baya, ta ce yana cikin bokitin Luba. Shi ke nan. Kafin kasuwa biyu ta ci, magana ta zaga cewa Luba tana tara gashin matan mutane a bokiti mai murfi tana kai wa boka. Ba wanda ya zo ya tuhume ta a gabanta, balle ta kare kanta. Ƙafa kawai aka ɗauke. Tabarmarta ta wuni a shimfiɗe babu ko mai leƙowa, har a wajen biki mata suka riƙa gyara ɗaurin ɗankwali idan ta zauna kusa da su.

Ta zo ta same ni a gida, idanunta sun yi ja. Abin da ta ce da ni yana kunnena har yau: "Malama, mi niy yi musu? Abin da kinka hwaɗa mani shi nika yi." Gaskiya kuwa ta faɗa. Yau Luba ƙuli-ƙuli take soyawa, takardar shaidarku tana ƙasan akwati, hannun da babu irinsa yana cikin tuya. Duk lokacin da na tuna kunya takan rufe ni. Ban rubuto maka a lokacin ba, wannan ma kuskurena ne.

Na uku, abin da nake koyarwa tun daga ranar, da amsar zargin da aka yi mini.

Tare da sakamakon jarrabawa an aiko mini da takardar tuhuma, wai ina koya wa ɗalibai camfi da ƙazanta. Bari in ɗauki ƙazantar tukuna. Idan ɗalibata ta gama kitso, ta miƙa wa mace gashinta, ta kakkaɓe tabarma, ta wanke mataji da kibiya da ruwan zafi da sabulu, ko sili ɗaya ba ya saura a ɗakin. To wane ɗaki ya fi tsabta, wanda babu gashi a cikinsa, ko wanda gashin mata goma ke wuni a cikin bokiti har la'asar? A auna mini wannan da kowane ma'auni, zan yarda da abin da ya fito.

Batun camfi kuwa, ya yi mini zafi fiye da yadda mai rubuta takardar yake zato. Ni 'yar gidan malamai ce. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, a zaurensa ya ƙare rayuwarsa yana karantarwa, kuma bai taɓa barin mu mu ji tsoron wani abu ba Allah ba. Amma da idona na sha ganinsa, idan wanzami ya gama yi masa aski, yakan tattara gashinsa da kansa ya haƙa rami ya rufe. Yakan ce da mu ɗan Adam abin girmamawa ne, abin da ya fita daga jikinsa ba a haɗa shi da toka da kashin awaki a juji. Ni ban ce gashi yana cutar da kowa ba sai da ikon Allah. Sai dai ba ajin tauhidi kuka ba ni ba, ajin riƙon shago kuka ba ni. Ko da a ce tsoron nan camfi ne tsagwaronsa, to tsoron mai zuwa kitso ne, kuma ita ce mai kawo kan da za a kitse. Duk mai sana'ar da ta raina abin da ke zuciyar abokiyar cinikinta, ta fara naɗe tabarmarta.

Kayan aikin makitsiya ba su da yawa: kibiya, mataji, man shafawa, tabarma. Kowa yana iya sayensu a ranar kasuwa ɗaya. Jarinta na gaskiya amana ne. Mace za ta zo ta cire ɗankwali, ta ɗora kanta a cinyarki na tsawon sa'a biyu ko uku, ki ga furfurar da take ɓoyewa, ki ga inda gashi ya gudu, ki ji abin da ko 'yar'uwarta ba ta faɗa wa ba. Shi ya sa nake koya musu kame baki, da kada a tsallake wadda ta riga zuwa don matar wani babba ta shigo, da kada a ja gashin yarinya da ƙarfi don uwarta ba ta kusa. Ƙarshen darasin kuma shi ne a mayar wa mace da duk abin da ta zo da shi, har gashin da ya zuba. Wannan shi ne abin da aka kira camfi a takardar da ke ɗauke da hatimin ofishinka.

Na huɗu, ranar jarrabawa.

A ƙarshen damina jami'ar jarrabawa ta iso daga Sakkwato da motar ofis. Ba zan faɗi sunanta ba, ka san wadda ka aiko. Yarinya ce mai ilimi, 'yar mutunci, ta gaishe ni da ladabi, muka ba ta fura ta sha. Kowace ɗaliba ta zo da matar da za ta yi wa kitso. Jami'ar ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba tsaga, tana tambayar yadda za su karɓi baƙuwa da yadda za su tsayar da farashi, tana gyaɗa kai. A kan shukun da Hajo ta yi ta fi daɗewa, har ta ce ko a birni ba kowa ke iya wannan ba.

Da aka gama, ɗalibai suka dunƙule gashi suka miƙa wa masu shi kamar yadda na koya musu. Nan take fuskar jami'ar ta canza. Ta ɗaga littafi ta nuna musu layin nan, ta ce wannan ƙazanta ce da rashin wayewa, kuma a gaban matan da ake magana a kan gashinsu ta faɗa. Tsohuwar da Hajo ta kawo daga Jabo ba ta bari ta sauke numfashi ba, ta ce, "Ɗiyata, gashina ne hwa, ba na akuya ba. In ba ta ba ni abina ba, ba ni tashi wurin ga." Na matsa kusa na yi wa jami'ar bayani a hankali, har labarin Luba na ba ta. Ta ce ita abin da ke rubuce aka aiko ta ta duba. Na ce a raina to, baƙo ko da idonsa makaho ne, wataƙila idan ta koma ta yi tunani za ta sassauta.

Na biyar, abin da ya faru bayan azahar, wanda ban sa a takarduna biyu na farko ba.

Direba ya tafi gyaran taya, tafiya ta jinkirta. Jami'ar ta ja ni gefe ta ce tana da biki a Sakkwato, ko Hajo za ta yi mata irin shukun nan kafin mota ta dawo? Muka shiga ɗakin malamai, ni da ita da Hajo da shugabar cibiya. Hajo ta tsefe mata kai, ta taje, ta rangaɗa mata kitso. Da ta gama, da yake da safe an yi mata faɗa a bainar jama'a, sai baiwar Allah ta ɗauki tsintsiya ta share gashin tas, ta buɗe bokiti mai murfi ta zuba, ta rufe, daidai yadda littafi ya ce.

Jami'ar ta duba madubi ta yi murmushi, ta ɗaura ɗankwali. Sai ta shiga dube-dube a kan tabarma. Ta ɗaga gefen tabarmar ta leƙa. Sannan ta juyo ta tambayi Hajo ina gashinta. Hajo ta nuna bokiti ta ce, "Ga shi can inda kinka ce a riƙa sawa."

Ranka ya daɗe, da idona na ga jami'arka ta durƙusa, ta buɗe murfin bokitin nan, ta sa hannu cikin ɓawon gyaɗa da ƙurar shara, tana tsintar gashinta sili-sili. Sai da ta tabbatar ba ta bar ko ɗaya ba, sannan ta ƙulle shi a hankici ta tura can ƙasan jakarta. Babu wadda ta yi dariya. Ni har daɗi na ji a raina, na ce shi ke nan, gani ya kori ji, ta gane da kanta. Bayan mako uku sakamako ya zo: su bakwai duk sun faɗi a babin tsabtar wurin aiki, babin kuma ya ja musu faɗuwa a darasin gaba ɗaya.

Shugabar cibiyarmu mace ce mai gudun fitina, ta roƙe ni in bar kaza cikin gashinta. Na bari, sau biyu. Amma rufin asirin da zai sa mata bakwai su yi asarar shekara guda ba rufin asiri ba ne, zalunci ne. Ba na neman a taɓa aikin jami'ar nan. Na fi kowa sanin halin da take ciki, domin ni ma na taɓa tsayawa tsakanin littafi da abin da gwaggona ta koya mini, na zaɓi littafi, Luba ta biya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutum ya ƙi yarda a yi wa kansa abu, sannan ya ɗauki jan biro ya kayar da wasu don sun ƙi yi wa mutane shi.

Na shida, Hajo.

Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ta da 'ya'ya uku da 'yar gonar gero. Shekara guda cur tana zuwa daga Jabo, ranar da ta samu mai babur ya rage mata hanya, ranar da ba ta samu ba ta tako da ƙafa, kuma ban taɓa rubuta mata fashi ba sai ranar da ƙaramin ɗanta ya yi kyanda. Sabuwar cibiyar da aka gina a Kebbe tana neman malamar kitso, an kuma riga an ce Hajo ake so, sharaɗi ɗaya ne, takardar shaida kafin Babbar Sallah. Idan ba ta kawo ba, an ce za a turo wata daga birni. Wato a garin su Luba, inda har yanzu ba a manta da labarin bokiti ba, za a kawo wadda za ta tara 'yan mata ashirin ta koya musu bokiti. Ina roƙonka ka tsaya ka ƙirga Luba nawa ke nan za a yi a shekara guda.

Hajo ba ta yi kuka a gabana ba. Da na karanta mata sakamakon, sai ta tambaye ni wanne daga cikin biyun ne laifin nata, na safe da ta miƙa gashi, ko na rana da ta zuba a bokiti. To, ga tambayar nan na miƙo maka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

A sake duba sakamakon ɗalibaina bakwai, a ba su makin tsabta da suka cancanta, a fitar musu da takardunsu. Idan sai an sake jarrabawa, a sake, a shirye suke ko gobe, amma a haɗa mai dubawa da tsohuwar makitsiya ko da guda ɗaya ce.

A dakatar da cike gurbin Kebbe har a warware wannan magana. Wannan shi ya fi gaggawa, domin Sallah ba ta jiran fayil.

A gyara layin nan a cikin littafi, ko a ƙara masa rabin layi: a mayar wa mace da gashinta, sai idan ita ta ce a zubar. Kafin a sake buga wani littafin kuma, a tambayi matan da suka tsufa a kan tabarmar kitso. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Takardar tuhumar da aka ba ni ita ce ƙarshe a roƙona. A janye ta idan an ga dama. Idan ba a janye ba, ina sanar da kai tun yanzu cewa ajin bana ma abin da zan koya musu ke nan, don ba zan sake yin wata Luba da hannuna ba.

Ban ce ka yarda da maganata haka kawai ba. Ka kira jami'arka ka tambaye ta abin da ta ƙulle a hankici a Tambuwal. Idan hakan ya yi maka nauyi, akwai hanya mafi sauƙi: in ka koma gida ka je gaida Hajiya mahaifiyarka, ka tambaye ta inda gashinta yake zuwa bayan an yi mata kitso, ka kuma gwada ce mata daga yau a bokiti za a riƙa tara shi. Duk amsar da ta ba ka, na yarda a yi wa ɗalibaina hukunci da ita. Sau ɗaya tak aka bi layin nan a ajina tun bayan Luba, kuma wadda kuka aiko ta tabbatar da shi ita ce ta sa hannu a shara ta warware shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya taya ka riƙon wannan amana, ya sa ka gama da ita lafiya. Allah ya nuna maka gaskiya ya ba ka ikon binta. Allah ya rufa maka asiri kai da zuriyarka, ya sa kada ko silin gashin iyalinka ya kwana a juji.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Rakiya, malamar ajin kitso,
Tambuwal.